Daga Ɗan Amshi Zuwa Jagora: Yadda Ake Rainon Murya Har Ta Zama Sana'a

A Miri, can bakin hanyar Jos idan ka baro cikin garin Bauchi, ba a rasa yaro mai murya. Za ka ji shi a makarantar dare yana jan baiti, ko a coci ranar Lahadi, ko a cikin Keke Napep yana bin waƙar Hamisu Breaker har fasinja su yi shiru. Hanyar zama mawaƙi da irin wannan yaro ya sani guda ɗaya ce: ya tara kuɗi, ya shiga gari, ya biya sutudiyo, mai kwamfuta ya daidaita masa murya, a ɗora a TikTok. Wani yakan dace waƙar ta zaga. Sai ranar da aka gayyace shi kamu ko dina, aka miƙa masa makirfo aka ce ya yi da bakinsa. Kafin baiti na huɗu numfashi ya ƙare, murya ta zame daga kan kiɗa, washegari ya tashi a dishe. Don irinsa na rubuta wannan jagora. Tsakanin murya mai daɗi da muryar da za ta riƙe mutum da iyalinsa shekara talatin akwai aiki na shekaru, kuma a bayan wani ake yin sa.

Waɗanda suka fi kowa tsanantawa a wannan harka su ne mawaƙan opera na Turai. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera maganarsa, an fara shi a Italiya wajen shekarar 1600. Namijin da ke ɗaukar muryar sama a cikinsa, wanda ake kira tena, yakan tsaya a dandamali ba makirfo, makaɗa sittin ko fiye suna kaɗawa da busawa a gabansa, mutum dubu biyu ko uku na zaune, kuma dole na layin ƙarshe ya ji shi. Luciano Pavarotti, wanda ya fi kowa suna a cikinsu a zamaninmu, ɗan mai gasa burodi ne daga garin Modena. Tare da mahaifinsa ya fara, a ƙungiyar mawaƙan garinsu. A 1954, yana da shekara 19, ya shiga hannun wani malami mai suna Arrigo Pola, wanda ya koyar da shi kyauta saboda gidansu ba hali. Ya yi koyarwa a firamare, ya yi tallar inshora don ya samu na abinci, bai hau dandamalin opera ba sai 1961. Shekara bakwai ke nan yana maimaita wasula da hawa da saukar murya a ɗakin malami, duniya ba ta san da shi ba.

Wanda ya san tarihin makaɗanmu ba zai yi mamakin wannan ba. Musa Ɗanƙwairo, wanda zaƙin muryarsa ne ma ya jawo masa wannan laƙabi, ya daɗe yana amshi a bayan mahaifinsa, sannan a bayan wansa Kurna a Maradun, kafin ya ja tasa ƙungiyar ya kai ga waƙe Sardauna Ahmadu Bello. Ya rasu a 1991, har yau kotsonsa na tashi a rediyo. Ƙasashen sun yi nisa da juna, kayan kiɗan sun bambanta, tarbiyyar ce iri ɗaya.

Kafin komai, ka nemi yardar gida. A ƙasarmu har yanzu akwai gidajen da ke kallon waƙa a matsayin roƙo, kuma ba yau aka fara ba, don Mamman Shata kansa mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba. Kada ka yi ta a ɓoye. Ka samu kawunka ko wani dattijo da mahaifinka ke jin nauyinsa, ka faɗa masa irin waƙar da kake son yi da irin wuraren da ba za ka taka ba. Kada kuma ka saki makaranta ko sana'ar hannu; shekarun koyo ba sa ciyar da mutum.

Wuraren koyon murya suna nan kusa da kai, sai dai ba a rubuta haka a ƙofarsu ba. Yaron da ya yi tajwidi a Islamiyya ya riga ya san mafitar kowane harafi, ya san jan madda da inda ake tsayawa a ɗauki numfashi. Karatun Alƙur'ani ba waƙa ba ne, ba kuma don waƙa ake koyonsa ba, amma harshen da ya goge a can ba ya cin haruffa. Daga nan akwai zaman Ishiriniya da majalisun sha'irai masu bege, inda ake kwana ana rerawa. Yaron coci kuwa yana da ƙungiyar mawaƙa, inda ake raba murya kashi huɗu, biyu na mata biyu na maza, a koyar da do-re-mi a allo. A nan ne za ka ji kalmar tena a bakin mutanen Bauchi, kuma ina ganin mawaƙanmu na zamani sun yi asarar rashin wannan ilimi na sanin matakan sauti da sunayensu. Na uku shi ne gidan makaɗi ko mawaƙin da ya riga ya kafu, mai yara, mai zuwa biki da hawan sallah.

Ko ta ina ka fara, sai ka dangana da na ukun nan. Ka je da babba, kada ka je kai kaɗai. Shi zai yi magana: "Maigida, ga ɗanka nan na kawo maka. Yana da sha'awar abin, a riƙe shi, a sa masa ido." Kai naka durƙuso ne da "Ranka ya daɗe." Wata da watanni aikinka ɗaukar sifika ne da naɗe waya da sayo ruwa. Kada ka raina, don a nan kunnenka ke cika. Ranar da aka ce ka shiga layin 'yan amshi, ka tsaya inda za ka ga gefen fuskar maigida. Ka lura da kafaɗarsa, za ka ga ba ta ɗagawa idan ya ja numfashi; rigarsa ce ke buɗewa ta wajen ciki. Ka lura da yadda yake satar numfashi a tsakiyar ɗan waƙa ba tare da an ji ba, da yadda yake ɗan juya kai idan yana so a karɓa, da yadda idonsa ke yawo cikin taro yana neman wanda ya shigo, sanƙira na raɗa masa suna da asali. Amshi yana koya maka riƙe gindin waƙa a kan sauti ɗaya sau hamsin ba ka zame ba, ya koya maka haɗa muryarka da ta mutum uku har a ji kamar ɗaya. Bayan ka ƙware a amshi za a bar ka ka yi ƙari, wato ka ƙarasa layin da jagora ya ɗauko. Wata rana maigida zai gaji a tsakiyar biki ya ce ka riƙe masa. Jarrabawarka ke nan, kuma ba a sanar da ranarta.

Amma akwai abin da maigida ba lallai ya iya bayyana maka ba ko da yana yinsa daidai, wato abin da ke faruwa a cikin maƙogwaro. A nan ilimin masu opera yake da amfani. A cikin maƙogwaronka akwai tantani biyu, kowanne bai fi santimita biyu ba ko ɗan ɗoriya. Iskar da ke fitowa daga huhu ce ke kaɗa su. Idan za ka hau sama sai su miƙe su ɗame, kamar yadda mai kalangu ke matse igiyoyi a hammata fata ta ɗaure sauti ya tashi. A sautin can ƙoli da ake auna tena da shi, wanda Pavarotti ya buga sau tara a waƙa ɗaya a Amurka a 1972 ya zama abin labari, tantanin nan na haɗuwa su rabu fiye da sau 500 a daƙiƙa guda. Nama ne mai laushi. Duk ƙarfin da ka tura masa da wuya, a kansa yake ƙarewa.

Don haka da numfashi ake farawa. Ka kwanta rigingine a tabarma, ka ɗora littafi a kan cibiya, ka ja iska ta hanci a hankali. Littafin ne ya kamata ya tashi, ƙirji ya zauna. Idan jikinka ya gane wannan, ka tashi tsaye, ka dafa haƙarƙarinka na ƙasa da hannu biyu, ka ja iska har ka ji sun buɗe gefe da gefe, sannan ka sake ta ta tsakanin haƙora da sautin "sss" siriri, ba yankewa, ba rawa. Da farko daƙiƙa 15 za ta gagare ka. Cikin 'yan watanni za ka kai 30 ko 40. Abin da ake nema shi ne haƙarƙarin su daɗe a buɗe yayin da iska ke fita, kada su rufta gaba ɗaya.

Sai ɗumama murya, wanda ba a tsallake shi ko da ana jiranka a fili. Ka rufe baki ka yi "mmm" a sautin da ya fi maka sauƙi, har ka ji leɓɓanka da gefen hancinka suna ƙaiƙayi. Ka kaɗa leɓe da iska yadda yara ke kwaikwayon babur, kana hawa kana sauka. Akwai kuma dabarar da likitocin murya ke koyarwa, wadda ba ta cin ko sisi: ka zuba ruwa rabin gora, ka tsoma bututun shan lemo kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, ka busa kana fitar da sauti. Ka sa ido a kan kumfar. Idan tana tashi daidai wa daida, iskarka na tafiya yadda ake so. Idan tana tsalle tana fantsama, kana turawa da ƙarfi. Idan ta tsaya alhali kana jin sauti a hanci, iskar ta ɓace hanya. Minti biyar na wannan kafin aiki da bayan aiki yana sauke gajiyar maƙogwaro ƙwarai. Bayan haka sai wasula biyar, a, e, i, o, u, kowanne a kan matakai biyar, hawa da sauka. Gaba ɗaya minti 20 zuwa 30 a zama ɗaya ya isa mai koyo. Gara a yi kullum kaɗan-kaɗan da a kwashe awa uku ranar Asabar.

Ka samu mai fiyano ya auna ka. Ya fara daga ƙasa kana bin sa har inda muryarka ta ƙare, ya koma sama haka nan. Wajen hawan za ka iso wani wuri da murya ke son karyewa ko ta sirance farat ɗaya. Mahaɗa ce tsakanin muryar ƙirji da muryar kai, kuma mawaƙin opera yakan shafe shekaru a kan waɗannan matakai uku ko huɗu kawai. Kuskuren kowa shi ne ya ɗaga haɓa, jijiyoyin wuya su fito, ya banka da ihu. Abin yi shi ne akasin haka: ka rage ƙarfi idan ka iso wurin, ka bar haɓa a inda take, ka saki muƙamuƙi, ka ɗan zagaye wasalin, "a" ta karkata wajen "o". Da farko za ka ji muryar ta yi maka ƙanƙanta. Ka haƙura da ita a haka, da kanta za ta cika. Amon da ke ratsa taro ya kai layin baya daga buɗewar maƙogwaro da baki yake fitowa, ihu ba ya kawo shi. Yaron da muryarsa ke fashewa kuwa, tsakanin shekara 12 zuwa 15, a bar shi ya rera abin da ya sauƙaƙa, kada a tilasta masa sautin da yake kaiwa bara. Muryar namiji ba ta gama zama sai ya haura ashirin da 'yan kai.

Murya rabin aiki ce. Bahaushe yana yafe wa mawaƙi kaushin murya idan maganarsa ta yi nauyi, amma ba ya yafe maganar banza. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere, saboda haka idan waƙarka ta saɓa wa yadda ake furta kalma, sai garin da ake zama ya koma garin tuwo a kunnen mai sauraro. Ka fara faɗin layin da baki kamar kana hira, sannan ka ɗora masa rauji a kan yadda ya fito. Ɗan Bauchi ba shi da uzuri a nan, don garin Malam Sa'adu Zungur ne, wanda ya rasu a 1958. Ka nemi waƙoƙinsa, ka karanta da ƙarfi, ka ga yadda ake auna gaɓa da yadda ake riƙe amsa-amo ba tare da an cusa kalmar da ba ta da aiki ba. Ka saurari Narambaɗa don azanci, Shata don yadda ake ƙirƙira nan take, Ɗan Maraya Jos don yadda mutum ɗaya da kuntigi ke ba da labari cikakke. Ka zauna da tsofaffi ka koyi asalin gidaje da sarautu. Mawaƙin da ya haɗa wa mutum kakan da ba nasa ba a bainar jama'a ya rufe wa kansa wannan ƙofa.

Lafiyar maƙogwaro kuwa, abokan gabarta sanannu ne: ƙurar hunturu, sigari, shisha, maganin tari da ake sha don maye, rashin barci, da cin abinci mai maiƙo da yaji a kwanta nan take, wanda ke sa ƙwannafi ya hau ya ƙona maƙogwaro cikin dare. Zuma da citta da kanumfari suna da daɗi, suna kuma sanyaya maƙoshi, amma ka sani abin da ka haɗiya ta hanyar abinci yake bi, ba ya taɓa tantanin murya. Abin da ke isa gare su shi ne ruwan da ka sha tun da safe ya ratsa jiki, da tururin ruwan zafi da ka shaƙa. Idan ka dishe, magani shi ne shiru. Raɗa ma wahalar da su take yi. Ka guji ƙwayar da ake saya a kemis don murya ta buɗe a daren biki, domin kumburin take ɓoyewa, kai kuma ka ci gaba da dukan wurin da ya ji ciwo. Pavarotti ma ƙullutu ya taɓa fito masa a tantanin murya tun yana koyo, har ya yanke shawarar barin waƙa. Dishewar da ta wuce mako biyu zuwa uku ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce, kuma akwai su a asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikin gari, inda za a leƙa a ga abin da ke wurin. A wajen biki kuma ka roƙi mai kayan sauti ya juyo maka da ƙaramar sifika ɗaya. Mawaƙin da ba ya jin kansa ihu yake yi bai sani ba.

Sai bayan duk wannan sutudiyo take da amfani. Ka shiga da waƙar da ka riga ka rera a gaban mutane ta zauna a bakinka. Kada ka yarda a ɗora ka a kan kiɗan da aka gina don muryar wani. Fiyano na da maɓallin sauke kiɗa ko ɗaga shi, ka ce a kawo shi inda kake. Ka karɓi muryarka da kiɗanka a rarrabe ka adana, ban da haɗaɗɗiyar waƙar. Idan aiki ya kai ka Kano, wajen Titin Gidan Zu inda harkar fim da waƙa ta taru, ka san cewa can akwai hukumar tace fina-finai da ke sa ido a kan mawaƙa, ka nemi sanin ƙa'idarta kafin ka saki wani abu.

Maganar kuɗi a yi ta tun kafin a ɗaura sifika a mota. Ka karɓi kafin alƙalami, a faɗi awa nawa za a yi, wa zai kawo janareta, wa zai biya mota. Ka sa mutum ɗaya amintacce ya tattara abin da aka bayar, a ƙirga a gaban kowa, a raba a daren. Rigimar rabo ta tarwatsa ƙungiyoyi fiye da yadda rashin murya ya yi. Liƙi al'ada ce, amma dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana watsa naira da tattaka ta, kuma an hukunta mutane a kai, don haka ka ajiye faranti ko lambar asusu. Idan mai fim ko ɗan kasuwa zai sayi waƙarka, a rubuta ko sayarwa ce ɗungurungum ko aro, da wanda zai ɗora ta a YouTube da Audiomack. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 tana bayanka, amma takarda ce ke magana a gaban alƙali.

Za ka kuma zaɓi layinka. Makaɗan fada irin su Narambaɗa a Isa da Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi ubangida ɗaya suka riƙe. Shata na kowa ne. Ɗan Maraya da waƙar karen mota ya fara suna, ya zauna a kan rayuwar talaka har ya rasu a 2015. Yau kuɗi mai kauri a waƙar siyasa yake, ba kuma zan ce kada ka yi ba. Ka dai tuna kakarta shekara huɗu-huɗu take zuwa, zambon da ka yi wa mutum kuwa yana nan a wayoyin jama'a bayan 'yan siyasar sun shirya a tsakaninsu. Ni a ganina yabo ya ishe ka. Mutuncin wani ba abin sayarwa ba ne.

Idan kuwa opera ɗin kanta ce ta shiga ranka, hanyar tana nan, sai dai doguwa ce. Daga do-re-mi ka koyi karanta rubutun kiɗa na layi biyar, ka koyi fiyano gwargwado. Akwai makarantar MUSON a Onikan, Legas, ƙarƙashin ƙungiyar da aka kafa a 1983, akwai kuma sashen kiɗa na Jami'ar Najeriya da ke Nsukka. Za ka koyi furta Italiyanci da Jamusanci da Faransanci, ka haddace wasa na awa biyu ko uku, ka shiga gasa, ka yi shekaru kana ƙananan fitowa ko kana zaman ko-ta-kwana a bayan babban mawaƙi. Baƙar fata na yin ta: Levy Sekgapane na Afirka ta Kudu ya ci gasar Operalia, wadda Plácido Domingo ya kafa a 1993, a shekarar 2017. A Najeriya dai da wuya opera kaɗai ta riƙe mutum, sai ya haɗa da koyarwa da waƙar coci da ta taruka. Ko a Turai, da yawansu kuɗin fitowa ake biyansu, daren da mura ta hana su fita ba su da ko kwabo, shi ya sa ba sa yarda su ja babban wasa dare biyu a jere. Kai ma idan kakar biki ta zo bayan kaka, kada ka karɓi Juma'a da Asabar da Lahadi duka kai kaɗai a gaba. Ka ba yaronka na amshi rana ɗaya ya ja, kai ka zauna a gefe ka saurare shi, gobe ka gaya masa inda ya zame.